Amanar Goribar Tukunya

Ni a Damargu aka yanke mini cibiya, a Damargu na yi furfura, kuma goriba na san ta tun ban san ɗaura zane ba. Na san ɗanta da muke gwaguya har muƙamuƙi ya gaji. Na san kabarta da muke yankowa mu shanya, mu tsaga, mu saƙa tabarma da faifai, maza su tufka igiyar guga. Goriba ba ta taɓa roƙon kowa ruwa ba. Rana ta dake ta, iska ta dake ta, raƙumi ya cinye kanta tana ƙarama, ta sake tohowa. Wannan ita ce goribar da na sani, har ranar da jikana ya shigo mini gida da wata a rungume cikin tukunya, yana takawa a hankali kamar wanda ya ɗauko jinjiri daga wanka.

Jikan nan ɗan ɗakina ne. Ana yaye shi aka kawo mini shi, a bayana ya girma, a kwanona ya ci. Ya yi lakwal, makarantar boko, nan Tanout, ya wuce Damagaram ya koyo aikin allura da magani, can kuma ya samo abin. Da ya gama karatu aka tura shi wata ƙaramar likita, ɗakin shan magani, cikin daji, arewa da Belbeji, inda ɗakinsa na kwano ne, ruwan rijiyarsu kuma ɗaci gare shi. Ya ce ba za ta rayu can ba.

"Tsohuwa," in ji shi, "ga amana na kawo miki."

Da na ji an ce amana, sai na ce, "Na karɓa. Allah ya ba ni ikon riƙewa." Haka aka koya mana amsawa. Sai bayan maganar ta fita na sunkuya na dubi abin da kyau. Karare ne sirara kamar na gamba, sun fito daga gindi ɗaya, ganyen laushi kamar gashin jimina, ko ƙaya ɗaya babu.

Na ce, "Yaushe take ƴaƴa?"

Ya ce, "Ba ta ƴaƴa."

"To kabar fa, yaushe ake yanka?"

Ya dafe kai da hannu biyu. "Ki rufa mini asiri, kada wuƙa ta zo kusa da ganyen nan."

"Magani ce ke nan?"

"A'a."

"Akuya na ci?"

"Ranar da akuya ta ci, ranar zan sake ki, saki uku."

"Ka daɗe ba ka saka ba, mijin da ko goro bai taɓa kawo mini ba. To me take yi, in ba ta ƴaƴa, ba ta kaba, ba ta magani?"

"Kyau take yi. Kallonta ake yi."

Na dubi yaron nan da muka sayar da tumaki don ya yi karatu, na ce a raina, to, ga abin da karatun ya haifa.

Sai ya shiga jero mini dokoki. Kada rana ta taɓa ta, cikin ɗaki za ta zauna kusa da ƙofa, inda haske ke shigowa amma zafi ba ya isowa. A riƙa goge mata ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan pampo za ta sha, ban da na rijiya. Ya ƙara da cewa, "Ruwan ma kaɗan ne, Kaka. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji ta bushe sannan ki ɗan zuba. Kada ki wahalar da kanki."

To ni na san wannan magana ta ƙarshe. Duk wanda ya taɓa bar maka akuya ya tafi cin rani haka yake cewa: kada ka wahalar da kanka, ɗan abin da ya samu ka ba ta. Kunya ce, ladabi ne, don kada a ce ya ɗora maka nauyi. Kai kuma da ka karɓa, sai ka fi ciyar da ita bisa taka. Na ji daɗi ma da yaron bai manta tarbiyya ba.

Ku san ni wace ce a kan amana. An bar mini awakin mutane shekarar da ciyawa ta ƙi, na mayar da su da ƴaƴansu. Wata Buzuwa ta bar mini akwatinta a ɗaure da igiya, ta tafi arewa, har aka ce ta mutu. Da ta dawo ta iske ƙullin da ta yi da hannunta bai motsa ba. Ba ni da karatu, ba ni da dukiya, wannan kaɗai gare ni. Kuma na tsufa. Ba na so mutuwa ta iske ni da abin wani a wuyana, a tashe ni ranar tsayuwa a ce ina abin da aka ba ki. Ko da abin nan na banza ne. Kuma na banzan ne.

Shi ke nan, ya hau mota ya tafi, ni na shiga bauta.

Wurin da nake shimfiɗa tabarmata da hantsi, bakin ƙofa inda iska ke ratsawa, shi ne wurin da ta ƙwace. Ni na koma gefe. Itace a ɗaka cikin inuwa, mutum a rakuɓe. Akuyata da ba ta taɓa sha'awar ɗakina ba, tun da ta shaƙi ɗanyen ganye ta mayar da ƙofata wurin tsayuwarta, ko bayan gida zan zaga sai na ja ƙyaure na tokare. Kaji su ma suka gano ƙasar tukunyar da sanyi, kullum ina kora. Ga gogewar ganye. Na yi wa ƴaƴa wanka, na yi wa jikoki wanka, na yi wa gawa wanka, yau ga ni durƙushe ina bin ganye ɗaya ɗaya da tsumma. Maƙwabciyata ta leƙo ta same ni a haka, ta ce, "Sannu da reno. Yaushe za a yaye ta?" Na ci gaba da gogewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yoyo. In na zuba mata ruwa, ruwan pampo mai daɗi da mai ga-ruwa ya sha rana ya turo, kafin na ajiye moɗa sai na ga ya biyo ta ƙarƙashin tukunya yana malala bisa daɓe. Na sa tasa ina tarewa, ina mayarwa, yana sake fitowa. Haka muka yi ta yi, ni da ita.

Ana nan, ana nan, bazara ta tsaya sosai, matar autana ta haihu a gidan. Dangi suka taso suna, mata suka cika ɗakina da tsakar gida. Cikinsu har da ƙanwata da ke aure a Ollelewa. Ita kuwa mace ce mai hannu. Randar da ta tsage a garinsu ita ake kai wa. Ta zauna tana kallona ina fama da tasa, ta ce, "Yaya, wannan wace irin wahala ce?" Ta sa aka karkata mata tukunyar, ta leƙa gindin, ta tafa hannu.

"An cuci yaron nan! Huji ne, ba ɗaya ba ma. Mutanen birni ba su tsoron Allah, sun ga ɗan ƙauye sun sayar masa da hudaddiyar tukunya."

Nan take ta nemo tsumma ta cusa, ta jiƙa ƙaro ta kwaɓa da toka ta shafe, ta narka guntun roba ta bi kai. Aiki mai kyau, ko ɗigo bai ƙara fita ba. Na sa mata albarka. Matan da ke wurin duka suka yaba.

To ku da ba ƴan Damargu ba, sai na gaya muku yadda muke da ruwa. Rijiyarmu, in ka jefa guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ƙararsa. Mace a nan ba ta watsar da ruwa bisa ƙasa haka kawai. Na wankin gero na akuya ne. Na ɗaurayar kwano na kaji ne. Na alwala kuwa, gindin wani abu mai rai ake nema a yi shi, bedi ko lalle ko ɗan zogale, don ruwan ya yi aiki biyu, a samu lada biyu. Ga mata cike da gida, ga zafi, ga ɗanyen abu a bakin ƙofa cikin inuwa. Kowace ta ɗauki buta sai ta nufo shi. Tsofaffin su durƙusa su yi alwalarsu bisa tukunyar, suna cewa, "Sha, baiwar Allah, sha." Mai sauran ruwa a moɗa ta juye. Mai ɗaurayar ƙwaryar fura ta juye. Har guntun shayin da maza suka rage a zaure, an shigo da shi an ba ta. Ni kuma ina ta godiya, ina cewa Allah ya ba da lada. Salla biyar a yini, mata ba su ƙirguwa, har aka share suna aka watse.

Ba a jima ba ganyen ƙasa suka fara rawaya. Na ce zafin bana ne, na ƙara ruwa. Suka sunkuyar da kai. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Bakin ganyen ya yi baƙi kamar an lasa masa wuta. Na tuna yadda matan suna suka yi ta cewa kai, abin nan da kyau yake, ba wadda ta ce tubarkalla, na ce to baki ne ya kama ta. Na ɗaura mata baƙin tsumma da fasasshen ludayi kamar yadda muke yi wa kabewa a gona. Na ɗebo kashin awaki na barbaɗa mata. Ɗaki ya ɗauki wari irin na kududdufin da ya kusa ƙafewa, wasu ƙananan ƙudaje suka taso, har sauro na ji yana kuka, sauro a tsakiyar bazara.

Karan farko ya mutu, na ja shi ya taho a hannuna ba gardama. Ban yar ba. A wurinmu in dabbar amana ta mutu a hannunka, ba ka zuwa wa mai ita da baki kawai. Sai ka feɗe ka shanya fatar, ko ka yanke kunnen da ke da shaida, ka ajiye, ranar da ya dawo ka nuna masa, don ya san ba sayarwa ka yi ba. Na shanya karan, na soke shi a rufin ɗaki. Na biyu ya bi shi. Na uku ya bi shi.

Tuwo ya daina shiga mini. Matar autana, wadda ke jego, ita ta lura. Ta ce, "Inna, ki bari na ɗauki hotonta da salula na aika masa." Na ƙi da farko, don kunya. Amma na san ƙa'ida: dabba in ta kwanta ciwo ana gaya wa mai ita tun tana numfashi. Na ce ta ɗauka.

Can inda yake sai ya hau tudun rairayi kafin waya ta kama, don haka sai da la'asar ya kira. Aka kanga mini abin a kunne.

"Tsohuwa, me kika yi wa amaryata?"

"Abin da ban yi wa ubanka ba shi na yi mata. Ba ta taɓa kwana da ƙishi ba."

"Tura yatsa cikin ƙasar ki gaya mini."

Na tura. Yatsa ya nutse har gindi, ya fito da baƙin caɓi.

Ya ce, "Ruwa ne ya yi mata yawa. Ruwa ke kashe ta."

Na janye wayar daga kunne na dube ta, na mayar. Na ce, "Kai, da wa kake magana? Nan Damargu ne. Fari na kashewa, fara na kashewa, tsutsa na kashewa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin shukar da ruwan buta ya kashe ba."

"Ai da ya kamata ya riƙa fita ta ƙasa. Ba ya fita?"

"Wannan kam alhamdu lillahi mun gyara. Cutarka aka yi, tukunyar hudaddiya ce. Ƙanwata ta liƙe maka ita, ka kira ta ka yi godiya."

Har na ɗauka wayar ta yanke. Sai na ji salati, sai na ji dariya, irin dariyar da mutum ke yi yana riƙe ciki. Da ƙyar ya ce, "Kaka, hujin nan da gangan aka yi shi."

Na ce, "Da gangan. Mutum da hankalinsa ya gina tukunya, ya gasa ta, sannan ya huda gindinta da gangan, wani mai hankalin ya saya." Na miƙa wa yarinyar wayarta, na ce ta ji sauran, ni kunnena ya cika.

Washegari muka shimfiɗa buhu a inuwa, ni da mai jego, muka juye tukunyar. Warin da ya taso, sai da jaririn ya yi atishawa. Saiwoyin sun yi baƙi sun yi laushi kamar dafaffiyar igiya. Yadda ya gaya mata haka muka yi: muka yanke ruɓaɓɓun, muka bar masu fari, muka zubar da caɓin, muka haɗa sabuwar ƙasa da rairayi. Sannan na ɗauki ƙusa da dutse na fasa liƙin ƙanwata. Ya yi tauri ƙwarai, don ta iya aikinta. Ina bugawa ina jin kamar randata nake hudawa.

Na ɗauka wahalar ta ƙare. Ashe yanzu ta fara. Ba da ruwa ba wuya gare shi, hanawa ita ce aiki. Sai na ga saman ƙasar ya bushe ya yi fari, ganyen da suka rage suna kallona, ga moɗa a hannuna, na tura yatsa na ji da sauran danshi a ciki, na mayar da ruwan randa. Na juya mata baya na zauna. Abu mai rai a ɗakina, ni da ruwa, ina hana shi. Har istigfari nake yi.

Ga kuma baƙi. Maƙwabciyar nan tawa ta shigo wata azahar, salla ta kama ta, ta ɗauki buta ta nufi tukunyar kamar yadda kowace ƴar halak za ta yi. Na ce, "Tsaya! Kada ki zuba." Ta tsaya da buta a sama. Ta dube ni, ta dubi abin, ta ce, "Yau na ga gidan da ake rowar ruwan alwala." Na ce ba rowa ba ce, ruwa ke kashe ta. Ta ce, "Uhm." Ta fita da butar har waje ta yi alwalarta gindin bedin titi. Kafin magariba unguwa duka ta ji cewa tsufa ya fara taɓa ni. Labarin ƙusa kuma ya kai Ollelewa, ban san wanda ya kai shi ba. Ƙanwata ta aiko a gaya mini, tunda aikinta bai yi ba, nan gaba in randata ta tsage in aika Damagaram a liƙe mini. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, a kan tukunyar da ba a dafa komai a cikinta.

Haka na yi ta gadi. Na tsare ta daga rana, na tsare ta daga akuya, na tsare ta daga alherin mutane. Fiye da rabin kararen sun tafi. Da damina ta sauka, wata safiya na ga wani tsinke kore ya fito daga tsakiyar ɗaya, a naɗe kamar mashi. Mai jego ta yi guɗa. Ni ban yi ba. Na ce Allah ya kai mu ranar da mai ita zai zo.

Ya zo bayan an yanke gero, ya yi baƙi ya rame, sai surutu. Yana cin tuwo yana ba ubansa labarin daji, har ya ce yanzu sun huta, an haƙa musu rijiyar inji mai ruwan daɗi, an kuma yi wa likitarsu sabon ɗaki na siminti mai baranda. Na ji, na ajiye a raina.

Da ya wanke hannu na kira ubansa, na kira autana da matarsa, na ce su zauna su zama shaidu. Na jawo tukunyar tsakiya. Na zaro damin busassun kararen daga rufi, a ɗaure da zare, na ajiye gefenta.

Na ce, "Ga mai rai, ga waɗanda suka mutu. Ban sayar ba, ban yanka ba, akuya ba ta ci ba. Duba da kyau gaban mutane."

Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye. Ya duba. Ya shafa sabon ganyen. Ya ce, "Na gani, Kaka. Na karɓi abina, kin fita." Ubansa ya ce sun shaida. Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata har yatsun ƙafa.

Sai ɗan neman ya gyara zama ya ce, "Amma fa tsohuwa, yanzu da kin gane halinta, ta kuma saba da ke, ai gara a bar..."

Na ce, "Wace rana motar Belbeji ke tashi?"

Ranar da zai koma, ni da kaina na bi su tasha, autana na ɗauke da tukunyar, don kada a yi mantuwar gangan. Motar irin ta ƴan kasuwa ce, an labta mata buhuna, bisa buhunan tumaki a ɗaure, bisa tumakin mutane. Direba ya ce a miƙa tukunyar sama a ɗaure ta da kaya. Jikana ya ce ina, rana za ta ƙone ta, iska za ta yage ganyen. Suka yi ta ja. Shi da ma ya kama wurin zama a gaba, gefen direba. Ƙarshe dai ya buɗe ƙofa ya zaunar da tukunyar bisa kujerarsa, ya tokare ta da jakarsa, ya ja gilashi. Shi kuma ya tattare riga ya kama ƙarfe ya hau can ƙololuwa, ya matsa tsakanin wani dattijon Buzu da ragon wani. Buzun ya leƙo ƙasa ya dubi ganyen ta gilashi, ya dubi jikana, ya gyara rawaninsa.

Yaron da na goya, ma'aikacin likita, ga shi can rana na dukan ƙeyarsa. Ita kuwa tana ciki a inuwa.

Direba ya tada mota, ya leƙo ta taga ya ce mini, "Iya, fasinjar nan taku, in mun tsaya a hanya ana ba ta ruwa?"

Na ce, "Tambayi mai ita, ga shi can bisa."

Na ja mayafina na kama hanyar gida.